BAYANI: Yadda manhaja ke tace masu neman aiki a ƙasashen waje, da inda matasan Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ke tuntuɓe

Idan matashin da ya kammala Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ya aika takardun neman aiki ga wani babban kamfani a Landan ko Dubai, zai yi wuya a ce mutum ne zai fara duba su. A manyan kamfanoni da dama manhaja ce ke karɓar takardun, ta karanta, ta jera masu nema bisa maki, kafin jami'in sashen kula da ma'aikata ya ga ko da suna guda. Wasu daga cikin manhajojin na aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI. An gina su ne domin su rage wa kamfani aiki, su kuma tsare shi daga karya doka. Kare mai neman aiki kuwa nauyi ne da ya rataya kan dokoki da hukumomi, kuma wanda ya san su ne ya fi amfana.

Me manhajojin ke yi?

Aikinsu na farko shi ne karanta takardar bayanin kai, wato CV, su tsamo ilimi da ƙwarewa da shekarun aiki, su gwada da abin da kamfani ke nema. Na biyu, tabbatar da mutum: a ce ya ɗauki hoton fasfonsa da na fuskarsa, manhaja ta duba ko sun dace. Na uku, binciken suna a jerin waɗanda gwamnatoci suka sanya wa takunkumi, kamar jerin ofishin OFAC na Baitulmalin Amurka. Na huɗu, tsara kwantiragi da lissafin haraji daidai da dokar ƙasar da ma'aikaci yake. Kamfanoni irin su Deel da Remote sun shahara a wannan fanni: su ke ɗaukar ma'aikaci a hukumance a madadin kamfanin da ke wata ƙasa.

Tsoron tara na daga cikin abin da ke tura kamfanoni ga wannan hanya. A Birtaniya, tun Fabrairun 2024, wanda ya ɗauki mutumin da ba shi da izinin aiki na iya biyan tarar da ta kai fam 45,000 kan kowane ma'aikaci a karon farko, da fam 60,000 idan ya maimaita. Saboda haka ajiye takardar da ta tayar da shakka ya fi wa kamfani sauƙi a kan bin diddiginta.

Inda ake tuntuɓe

Babbar matsalar ita ce suna. A ƙasar Hausa an saba mutum ya ɗauki sunan garinsu, kamar marigayi Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, da tsohon gwamnan Zamfara Mahmud Aliyu Shinkafi. Sai a sami takardar sakandare da sunan uba, ta kwaleji da sunan gari, katin NIN kuma da Muhammad a inda wata takardar ta rubuta Mohammed. Malamin da ya san al'adar zai gane mutum guda ne. Manhajar da aka saita ta nemi daidaito na iya ɗaukarsa mutum biyu, ko mai takardun bogi. Haka kuma sunaye masu yawa kamar Abubakar da Usman kan yi kama da na wasu da ke jerin takunkumi, a dakatar da wanda bai ji ba bai gani ba har sai an bincika.

Ranar haihuwa ma haka. Wanda ba a yi wa rajistar haihuwa ba yakan dogara da takardar rantsuwar shekaru daga kotu, kuma ba kasafai ranar da ke cikinta ke dacewa da ta makaranta ba. Mai takardar HND kuma na iya faɗuwa tun a matakin farko idan an saita manhaja ta nemi digiri kawai.

Akwai kuma batun fuska. A Disambar 2019 cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka ta gwada manhajojin gane fuska kusan 200, ta gano cewa da yawa sun fi yin kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas ce, ko ta gabashin Asiya. Manhaja na koyo ne daga bayanan da aka ba ta, har da son kan da ke cikinsu. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da manhajarsa ta tace masu neman aiki bayan an ga tana rage wa mata maki, domin an horar da ita da takardun shekara goma waɗanda yawancinsu na maza ne.

Duk wannan na buƙatar intanet. A Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta NCC ta umarci a katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An maido da su a Gusau cikin Oktoba, sauran yankuna suka ci gaba da jira. Manhajar da ta ba mai nema kwanaki kaɗan ya yi gwaji ba ta tambayar dalilin shirunsa.

Me doka ta ce?

Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2024, ta sanya manhajojin ɗaukar ma'aikata cikin rukunin masu babban haɗari, ta kuma hana amfani da masu ƙoƙarin karanta yanayin zuciyar mutum a wurin aiki. Birnin New York, tun Yulin 2023, ya wajabta a riƙa binciken irin waɗannan manhajoji duk shekara don gano nuna bambanci, a kuma sanar da masu nema. A Najeriya, sashe na 37 na Dokar Kare Bayanai ta 2023 ya ba mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai babban tasiri, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, da haƙƙin neman mutum ya sake dubawa. Ana kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta NDPC.

Hanyar ejan

Fita neman abinci ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Layin dogo ya isa Ƙaura tun 1929, kasuwar Shinkafi ta daɗe tana haɗa fatake, Zurmi kuma na iyaka da Jamhuriyar Nijar. Sai dai a yau, da hare-hare suka raba mutane da gonakinsu, mai harin Saudiyya ko Libiya ya fi bi ta hannun ejan, ba ta shafin kamfani ba. A nan haɗarin ya fi girma, domin fasahar da ke taimaka wa kamfani ita ke sauƙaƙa wa ɗan damfara rubuta takardar ɗaukar aiki ta bogi cikin tsaftataccen Turanci.

Akwai ma'aunai da za a gwada ejan da su. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ake sana'ar ɗebar ma'aikata. A 2023 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda tushenta shi ne kada kamfanin samar da aiki ya caji ma'aikaci kuɗi. A Saudiyya, ɗaukar masu aikin gida a hukumance na bi ta dandalin Musaned, kuma bizar Umara ba izinin aiki ba ce. Birtaniya ta rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje ranar 22 ga Yuli, 2025, don haka duk mai sayar da irin wannan gurbi ga wanda ke Najeriya yaudara yake yi. Wanda aka ƙwace wa fasfo ko aka yi safararsa, hukumar NAPTIP ce wurin kai kuka.

Abin yi

Kafin a nemi kowane aiki, a daidaita suna da ranar haihuwa a NIN da fasfo da takardun makaranta, a ajiye takardar rantsuwar da ke bayyana duk wani bambanci. A rubuta CV a sauƙaƙe, ba ado ba zane, da kalmomin da sanarwar aikin ta yi amfani da su. Idan an ƙi mutum ba bayani, ya rubuta ya nemi jami'i ya sake dubawa.

Sauran aikin na hukuma ne. Rajistar haihuwa, da cibiyar gyaran NIN a kusa da gida, da layin sadarwa mai ɗorewa, su ne ke tantance ko takardun matashin Zurmi za su tsallake matakin farko. Tambayoyi ne da suka cancanci a yi wa shugabannin ƙananan hukumomin uku da 'yan majalisar da ke wakiltarsu.