Inda Ake Neman Labarin Ɗan Tunku

Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Ɗambatta, in ya so sanin yadda aka yi Kazaure ta fita daga hannun Kano, to, ƙofofi da dama ke gabansa, kowace kuwa da irin maganar da ke bayanta.

Ta farko ita ce Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Littafin ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1882 zuwa 1893, saboda haka masana suka ce a zamaninsa aka haɗa shi, waɗansu ma suka danganta shi ga Ɗan Rimi Barka, bawan Sarki. H. R. Palmer ya juya shi zuwa Turanci cikin 1908, R. M. East kuma ya fitar da Hausarsa cikin 1933. Amma fa a lura. Shekarun Miladiyya da ake gani a gefen sunayen sarakuna, kamar 999 ta Bagauda, ba marubucin ne ya sa su ba. Palmer ne ya tara shekarun da aka ce kowane sarki ya yi, ya lasafta da baya. In an yi kuskure a sarki ɗaya, duk na gabaninsa sun goce. Waƙar Bagauda ma ba ta dace da shi ba wajen ƙidayar shekarun sarakuna da yawa.

Littafin fada kuwa da bakin fada yake magana. A wurin Kanawa Ɗan Tunku ɗan tawaye ne da ya ƙi yi wa Ibrahim Dabo mubaya'a bayan naɗinsa cikin 1819. A Kazaure kuwa shi ne uban gidan sarauta. Dattijon da ke ba da labari a zaure ba maƙaryaci ba ne, abin da ya ji ga kakansa yake faɗi. Sai dai a tambaye shi daga wa ya ji, kuma wane gida ya fito, gama jikan Dambazawa da jikan Yarimawa ba za su ja zaren ta gefe ɗaya ba.

Nan ne amfanin baƙo ya ke. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya sauka Kano cikin Janairu 1824, ya tarar Sarki na sansani yana shirin yaƙi da Ɗan Tunku, ya rubuta haka. Ba shi da rabo cikin rigimar, ya kuma sa kwanan wata. Illarsa ita ce ta bakin tafinta ya ji, har sunayen ma ya karkatar da su.

Akwai kuma Taƙyidul Akhbari na Alƙali Muhammadu Zangi, na wajen 1868, wanda ya girmi Tarihin Kano, da rahotannin da joji-joji suka rubuta kan gundumomi lokacin tsara haraji, waɗanda ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Su waɗannan na ƙarshe hakimai da dagatai ne suka ba da labarin da ke ciki, a gaban mai ikon tuɓe su.