Wuta, Waya da Filogi: Waiwaye a kan Tsofaffin Na'urorin Rediyo a Samaru da Sabon Garin Zariya

1.0 Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta game da tarihin rediyo a ƙasar Hausa ya karkata ne ga tashoshi da ma'aikatansu da shirye-shiryensu. Ba a cika waiwayar ita kanta na'urar ba, balle igiyar da ke shayar da ita wuta. Wannan maƙala za ta dubi wannan ɓangare da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ta hanyar ɗaukar misali guda, wato sauya filogin tsohuwar na'urar aika magana irin ta masu rediyon sha'awa. Manufa ita ce a nuna cewa wannan aiki, da ake ganin bai taka kara ya karya ba, ba ya yiwuwa lami lafiya sai an san tarihin na'urar.

2.0 Daga Akwatin Bango zuwa Wutar Lantarki

Rediyon da jama'a suka fara sani bai da filogi ko kaɗan. A 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba shirye-shirye ta waya a Ikko, sa'an nan Badun a 1939, Kano a 1944, Zariya kuma kafin 1950. Akwati ne mai lasifika da ake kafawa a bango, a jawo masa waya daga tasha, mai gida ya riƙa biyan haya. Ba ya bukatar lantarki, ba ya kuma kama wata tasha sai wadda aka ba shi.

Al'amura sun sauya a shekarun 1950. An kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa a 1951, ta zama NBC a 1957, shekarar da BBC ta fara shirin Hausa ranar 13 ga Maris. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya biyo baya a 1962. Mai son kama waɗannan tashoshi sai ya mallaki rediyo na kansa, kuma rediyon farko masu kwalabe ne, waɗanda ake kira bawul, masu zuƙar wuta ƙwarai. Ta haka tarihin rediyo ya sarƙu da na lantarki: hukumar ECN da aka yi dokarta a 1950, madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, sa'an nan NEPA a 1972. Sai da rediyon tiransista mai batir ya yawaita a shekarun 1960 mutanen ƙauyuka irin su Zabi da Bomo, da ke gefen Sabon Gari da Samaru, suka daina jiran sandar lantarki kafin su ji labarin duniya.

3.0 Masu Rediyon Sha'awa

Akwai wani rukuni dabam da masu saurare, wato mutanen da ke aika magana da kansu, su zanta da takwarorinsu na wasu ƙasashe a gajeren zango, ba don ciniki ba sai don sha'awa da neman ilimi. Kowanne sai da lasisin hukuma da lambar kira. A zamanin Turawa lambar Nijeriya tana farawa da ZD2, bayan samun mulkin kai ta koma 5N, ta Nijar kuwa 5U ce.

Na'urorin wannan harka duk baƙi ne. Kamfanin Heathkit na Amurka yakan sayar da nasa a wargaje mai saye ya harhaɗa, Collins ya fito da KWM-2 a 1959, Yaesu na Japan kuma ya fito da FT-101 a 1970. Zariya tana cikin garuruwan da kayan lantarki na ƙasashe dabam-dabam suka haɗu. Samaru cibiyar binciken aikin gona ce tun 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, ta kuma riƙa samun malamai daga Ingila da Amurka da Indiya da gabashin Turai, makarantar koyon aikin jirgin sama kuma ta zo a 1964. Baƙo yakan zo da kayansa, in zai koma ya sayar. Sabon Gari kuwa, wanda ya tashi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, shi ne matattarar 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, can ne kuma kayan da suka lalace kan dosa.

4.0 Filogi da Launukan Waya

Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, wato wuta mai ƙarfin bolt 230 da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ta kuma gaji filogi iri biyu. Tsohon yayi mai ƙafa uku zagayayyu bai da fis a cikinsa, har yau ana ganin babbansa mai amfiya 15 a jikin na'urar sanyaya ɗaki. Sabon yayi mai ƙafa uku masu kusurwa ya fito a 1947, da fis a ciki, ƙafarsa ta ƙasa kuma ta fi tsawo domin ta riga sauran shiga. Amurka kuwa wutarta bolt 120 ce mai juyi 60, filoginta na da mai ƙafa biyu ne falle-falle. Saboda haka wanda ya yanke filogin na'urar Amurka ya ɗaura na Ingila, ya soka a bango, ya ba ta ninkin abin da za ta iya ɗauka ke nan. Sai an fara duba tiransifomarta. Wasu, irin su FT-101, an yi su da mahaɗai da yawa da za a iya sauyawa daga bolt 100 zuwa 234, wasu kuwa sai an sa musu tiransifoma ta waje mai rage ƙarfi.

Babban haɗarin yana ga launi. A tsohon tsarin Ingila ja ce mai wuta, baƙa ce mai mayarwa, kore ce ta ƙasa. Wajen 1970 aka sauya launin igiyoyin kayan gida zuwa ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. A Amurka baƙa ce mai wuta, fara ce mai mayarwa. A tsohon tsarin Jamus kuwa ja ita ce wayar ƙasa. Ke nan mai gyaran da ya tashi da sanin Ingila, in ya ga ja a igiyar tsohuwar na'urar Jamus ya kai ta ƙafar wuta, ya mayar da gangar jikin ƙarfen duka tarko. Masu nazarin harshe sun san babu wata dangantaka ta dole tsakanin kalma da ma'anarta, al'umma ce ke yarda a kai. Haka launin waya yake, sai dai kuskuren fassara a nan rai yake ci.

Bugu da ƙari, tsofaffin na'urori masu ƙafa biyu sau da yawa suna da 'yar ma'ajiyar wuta, wato kafasita, tsakanin wayar wuta da gangar jiki, wadda in ta tsufa takan zubo da wuta ga ƙarfen. Manyan ma'ajiyai na ciki kuma suna riƙe bolt 600 zuwa 800, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare filogi. Don haka gyara na ƙwarai shi ne a sauke wannan wuta tukuna, a gwada kowace waya da mita maimakon dogara ga launi, a sa igiya mai waya uku, a ɗaure ta ƙasa ga gangar jiki, a bi da mai wuta ta fis da makunni, a kuma zaɓi ƙaramin fis daidai da na'urar maimakon mai amfiya 13.

5.0 Abin da Harshe ya Adana

Hausa ta karɓi wannan fasaha ta hanya biyu. Ta farko aro ce tare da daidaita furuci: a kalmar filogi an mayar da /p/ ta koma /f/, an saƙala wasali tsakanin baƙaƙen farko, an ƙara wani a ƙarshe. Haka lantarki da batir da soket suka shigo. Ta biyu faɗaɗa ma'ana ce: wuta ta ɗauki ma'anar lantarki, har ana cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta. Waya ta tashi daga ƙarfen da ake ja zuwa tarho, har ta kai ga wayar hannu wadda ba ta da waya ko ɗaya. Sunan NEPA ma ya zauna a baki, alhali hukumar ta koma PHCN a 2005, aka kuma sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013.

Sai dai harshen ya adana sunaye ne fiye da ƙa'idoji. Sanin mai gyara ta baki da ido yake tafiya daga maigida zuwa yaro, kuma yaron yau wayar hannu yake koyon gyarawa, ba rediyo mai kwalabe ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda filogi guda ya tattara tarihin mulkin mallaka da na ciniki da na harshe. Abin da ya rage shi ne ɗalibanmu masu neman batun bincike su zauna da tsofaffin masu gyaran rediyo na Sabon Gari, su ɗauki kalmominsu da dabarunsu, su haɗa kai da sashen injiniyan lantarki a rubuta ƙa'idojin nan da Hausa. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a wannan fage kuwa ya kan zarce ƙuƙumi ya kai ga makara.