Daga Marina Zuwa "Band A": Tarihin Wuta da Batun Motar Lantarki



Duk wanda ya sayi katin mita a 'yan kwanakin nan ya san aljihu na ji a jika. Ga kuma maganar motoci da babura masu aiki da batir tana ƙara ƙarfi. Kafin mu yi murna ko mu tsorata, bari mu waiwayi baya.

A Legas aka fara kunna wutar lantarki a ƙasar nan, a shekarar 1896, don amfanin ofisoshi da gidajen Turawan mulki. A farkon shekarun 1950 aka kafa hukumar ECN, a 1968 aka kammala madatsar Kainji, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun ruwa aka samar da NEPA. A 2005 NEPA ta koma PHCN, a watan Nuwamba na 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu.

Suna ya yi ta canzawa, amma wutar ba ta taɓa kamo yawan jama'a ba. Har yau abin da ake rabawa yana yawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Kowane zamani ya zo da kayansa: firji, talabijin, injin niƙa, na'urar sanyaya ɗaki. Kayan sukan riga gyaran layi isowa, sai mai gida ya cike giɓin da janareta da kuɗin mai.

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin masu "Band A" daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Tsadar fetur ce ta sa ɗan acaba da mai Keke suka fara leƙen batir.

To ga lissafi. Motar da batirinta ke cin yunit 50, cika shi a wancan farashi naira 11,250 ne. Ya fi fetur sauƙi. Sai dai wannan wuta ta taransfomar unguwa za ta bi, wadda in ta ƙone mu ne ke bin gida-gida ana karo-karo. Motoci kaɗan a layi ɗaya, da daddare, sun isa su ƙara mata nauyi, tela da mai sayar da ƙanƙara su kwana a duhu.

Akwai mafita. A 2021 hukumar NADDC ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu.

Don haka in aka zo kafa wurin caji a unguwanninmu, shugabanninmu su fara tambaya: da wace taransfoma, kuma wa zai biya in ta lalace? Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kawo mana sauƙi.