Keken da ke cikin hoto: na wa ne?

A shekarar 1948 Seydou Keïta ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a Bamako, lokacin da Mali ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Ya tanadi kayan da mai zuwa zai iya ara domin a ɗauke shi da su: rediyo, agogo, alƙalami, babur ƙirar Vespa, da keke.

A wancan zamani, keke shaida ce ta albashi. Akawu ko malamin makaranta da ya mallake shi yakan ƙawata shi da fitila, da ƙararrawa, da madubi, da marfin taya mai tare laka, wanda ke kare farar riga a damina. Saboda haka saurayin da ya dafa sirdi a gaban kyamara yana sanar da dangi na ƙauye cewa birni ya karɓe shi, ko da keken na aro ne.

A nan mai nazarin tarihi yake buƙatar hattara. Hotunan Keïta, waɗanda suka yi suna a duniya bayan baje kolinsu a Paris a 1994, sun fi bayyana burin mutane fiye da abin da suka mallaka. Wanda ya ƙirga kekunan cikinsu domin auna arzikin Bamako zai yi kuskure. Amma wanda ke neman sanin abin da matasan birnin suka ɗauka a matsayin ci gaba, ya sami madogara.

Keïta ya zama mai ɗaukar hoto na gwamnati a 1962, ya rasu a 2001.