Garamar Madugu da Katin Asibiti a Ƙasar Zugu

Wanda ya ratsa Bariénou a yau, ɗaya daga cikin gundumomin ƙasar Zugu a arewacin Jamhuriyar Benin, ya ga gonakin doya da auduga da itatuwan kaɗanya, da wuya ya raya a ransa cewa wannan ƙasa ta daɗe tana kan hanyar Gwanja, wadda ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke bi daga Kano, su haye Kwara, su keta Bargu ta Nikki, su yada zango a Zugu kafin su doshi Salaga sarin goro. Sarauta tana Kilir, ciniki kuwa yana unguwar Wangara, inda Dendawa da Hausawa suka zauna da masallatansu da malamansu.

Fatauci a wancan zamani kasada ne tsantsa, domin falke yana iya rasa jakinsa a bakin kogi, ko 'yan fashi su tare shi, ko kurkunu ya kama masa ƙafa, ko kuwa goron ya ruɓe idan aka yi sakaci da kwance huhu a tsince mai tsutsa a yayyafa wa sauran ruwa. Saboda haka ba a tafiya sai a ƙarƙashin madugu, wanda yake karɓar kaso daga kowa gwargwadon kayansa, da shi ake biyan garama ga sarakunan hanya da kuɗin fito, har mai jaki ɗaya ya sami amincin da ba zai iya saya shi kaɗai ba. Idan ciwo ya kwantar da baƙo, fatomansa ne zai ajiye masa kaya, ya kira wanzami ya yi masa ƙaho, ya nemo malami ya yi masa rubutun sha. Idan kuma ajali ya yi, malaman zango ne suke ƙididdige abin da ya bari. A ganina duk abin da ake kira inshora a yanzu yana cikin wannan tsari, illa dai a lokacin amana da sanin asali su ne madadin takarda.

Yaƙin basasar Salaga na 1892, da iyakokin da Turawa suka shata, da jirgin ƙasa da ya iso Paraku a 1936, su suka karya ƙashin bayan ayari. Asibitin mishan da na gwamnati suka zo, wanzami ya koma ga aski da kaciya.

Hisabi bai shiga ɗakin magani sosai ba sai bayan taron Bamako na 1987, inda ministocin lafiya na Afirka suka amince jama'a su riƙa biyan wani abu na kuɗin magani, kwamitin gari ya riƙe asusun ya sake sayo wani. Daga nan ƙaramin asibiti ya buƙaci wanda ya iya riƙe littafin shiga da fita kamar yadda yake buƙatar ungozoma, domin kuwa ko likita ya kai Lukmanu hikima, idan ma'ajin magani ya wayi gari babu kome, majinyaci zai koma gida da takarda kawai. A 1992 kuma Benin ta sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar CIMA, wadda ta ɗora kamfanonin inshora na ƙasashe da dama, galibi renon Faransa, a kan doka guda. Jami'ar Paraku, da aka kafa a 2001, ta haɗa tsangayar likitanci da ta tattalin arziki da gudanarwa a gari ɗaya. Gwamnatin Boni Yayi ta ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na RAMU a 2011, bai yi nisa ba. Ta Patrice Talon ta zo da shirin ARCH, aka fara gwada sashensa na lafiya a 2019 a yankuna uku, ɗaya daga cikinsu Zugu da Copargo da Ouaké.

Ɗalibin kasuwanci ɗan Bariénou da yake nufin aikin inshorar lafiya lalle ne ya ƙware a lissafi da ƙididdiga da Faransancin doka, amma mushkilar da za ta fi ba shi wuya ba a aji take ba. Manomi kuɗinsa na kaka ne, zazzaɓin cizon sauro kuwa da damina yake kwantar da yara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, don haka wanda ya je karɓar gudummawa a watan da bai dace ba zai dawo hannu rabbana. Sannan akwai malamai, waɗanda za su tambaye shi hukuncin garari da riba, kuma ba za su gamsu ba sai ya san babin aƙila a Risala, inda dangi suke tarayya wajen biyan diyyar kisan kuskure, ya kuma san cewa a kan irin wannan hujja aka kafa kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, na farko a Sudan a 1979. Bayan su sai tsohon da ya biya shekara guda bai yi ko ciwon kai ba, ya zo bakin taga da katinsa yana neman a mayar masa da kuɗinsa.