Tarihin Unguwa a Hannun Ɗalibi: Tsara Bincike da Rubuta Shi a Nasarawo ta Gombe

1.0 Gabatarwa

A shekarar karatu ta 2009/2010 aka janye darasin Tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare a Nijeriya. Sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da shi. A tsakanin nan an yaye ɗalibai masu ɗimbin yawa da ba su taɓa zama gaban dattijo da nufin tambayar tarihi ba, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ɗalibin sakandare zai tsara binciken tarihin unguwarsu ya kuma rubuta shi. An ɗauki Nasarawo, ɗaya daga cikin gundumomi 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, a matsayin misali. Za a nuna cewa ingancin irin wannan bincike ya rataya ne a kan gwama shaida iri uku: maganar baka, da rubutacciyar takarda, da ƙirar sunan wuri.

2.0 Yadda Aka Rubuta Tarihin Gombe

Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Gombe, kuma hedikwatarsa tana Gombe Abba, a bakin kogin Gongola. Ya rasu a 1841. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, mulkin Turawa ya kafu a yankin. A 1913 aka mayar da hedikwata Nafaɗa, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, inda birnin Gombe yake a yau.

Wannan tarihi ya sami marubuta. Jami'an mulkin mallaka sun tattara bayanin Lardin Bauchi a kundin da aka buga a 1920. Victor Low ya fitar da littafi a 1972 a kan masarautun Gombe da Katagum da Haɗeja, inda ya dogara ga tarihin baka. Mary Tiffen kuma a 1976 ta yi nazarin bunƙasar tattalin arzikin manoman masarautar daga 1900 zuwa 1968. Sai dai waɗannan ayyuka sun fi karkata ga sarauta da yaƙi da haraji da noma. Unguwannin cikin gari, da yadda aka zauna su, ba su ne abin da marubutan suka sa a gaba ba. A nan ne ɗalibi yake da abin cewa, domin birnin da ya zama hedikwata a 1919 tarihinsa bai wuce abin da kaka ya gani ko ya ji daga bakin mahaifinsa ba.

3.0 Tsara Bincike

3.1 Zaɓen Tambaya

Matakin farko shi ne taƙaita batu. “Tarihin Nasarawo” kan magana ne kawai, ba ya nuna wa ɗalibi inda zai dosa. Tambaya ita ke ja-gora. Misali: su wane ne suka fara zama a unguwar, daga ina suka zo, kuma me ya kawo su? Ko kuwa: wane canji aka samu a sana'o'in mazauna unguwar bayan da jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963? Ko kuma: yaya filaye da gidajen haya suka kasance bayan da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996? Kowace daga cikin waɗannan tana da farko da ƙarshe, kuma ana iya amsa ta cikin zangon karatu ɗaya.

3.2 Shaidar Baka

Ɗalibi zai fara da neman izinin mai unguwa, sannan ya nemi aƙalla mutum biyar waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba, maza da mata. Idan duk daga zuri'a ɗaya suke, to baki ɗaya ne aka ji sau biyar. Ya rusuna ya gaida su da sunan girmamawa, Baba ko Baffa ko Goggo ko Malam, ya kuma bar mai magana ya yi da harshen da ya fi sakewa a cikinsa, Hausa ko Fillanci ko Bolanci ko Teranci. Idan an yi amfani da tafinta, wajibi ne a rubuta haka.

Babbar matsalar maganar baka ita ce ƙayyade lokaci. Dattawa sukan ce “zamanin Sarki wane”. Amma Sarkin Gombe Abubakar ya yi mulki daga 1936 zuwa 1984, wato shekara 48, don haka ambaton zamaninsa kaɗai bai isa ba. Dabarar ita ce ɗalibi ya tanadi jerin abubuwan da kowa ya san shekararsu: samun mulkin kai a 1960, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, fitowar naira a 1973, da rikicin Maitatsine na Pantami a 1985. Sai ya tambaya: an gina masallacin nan ana kashe fam da sule, ko naira ta fito? Da irin wannan ake matse zamani mai faɗi ya koma shekara biyar ko goma.

3.3 Shaidar Takarda

Gombe ta zauna a ƙarƙashin Lardin Bauchi, sannan Jihar Arewa maso Gabas daga 1967, sannan Jihar Bauchi daga 1976, kafin ta sami jiharta. Saboda haka takardun da suka shafe ta sun warwatsu tsakanin Kaduna da Maiduguri da Bauchi da Gombe. Ɗalibin sakandare ba zai iya zuwa Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa ba, amma akwai takardu a kusa da shi: rajistar ɗaukar ɗalibai ta makarantar firamare, da takardun sayen fili, da rasiɗin haraji, da wasiƙun ajami, da shekarar da aka rubuta a jikin gini. A nan akwai tarko guda. “Gombe” a takardar da aka rubuta kafin 1913 tana nufin Gombe Abba ko masarautar baki ɗaya. Haka nan akwai gundumar Bajoga a cikin birni, akwai kuma garin Bajoga na Funakaye. Wanda bai lura ba sai ya jingina wa unguwarsu labarin wani wuri.

3.4 Shaidar Suna

Wannan fanni ya fi shafar masana harshe. Sunayen gundumomin Gombe suna ɗauke da alamun harsuna daban-daban. Ajiya da Shamaki sunayen sarautu ne. A Herwagana akwai “gana”, wadda ke nufin ƙarami a Barbarci. Ɗafa-ƙeyar “-ri” ta Bolari ita ake gani a Hausari da Shehuri na Maiduguri, inda take nuna mazaunin wasu mutane. Nasarawo kuwa ƙirar Fillanci ce. Kalmar “wuro”, wato gari, tana cikin rukunin suna na “ngo”, kuma “-wo” ɗaya ce daga cikin ɗafa-ƙeyoyin rukunin, kamar yadda D.W. Arnott ya fayyace a 1970 a nahawunsa da ya gina a kan Fillancin Gombe. Takwarar sunan a Hausa ita ce Nasarawa.

Ɗalibi kan iya jin wani ya ce sunan daga Nasara yake, wato Turawa. Rubutun boko ba ya bambanta kalmomin biyu, amma furuci ya bambanta su: “nasara” ta cin galaba wasalinta na tsakiya gajere ne, ta Turawa kuwa dogo ne. Kuma garin Nasarawa da Makama Dogo ya kafa a ƙarni na 19 ya riga mulkin Turawa, wanda ke nuna cewa sunan ya daɗe a matsayin fatan galaba. Duk da haka ƙirar suna ishara ce kawai. Tana nuna harshen wanda ya raɗa sunan, amma ba ta tabbatar da ƙabilar waɗanda suka fara zama ba. Sai an gwada ta da sauran shaidu biyun.

4.0 Rubuta Sakamako

Rahoton shafi takwas zuwa goma ya wadatar. A buɗe da tambayar da dalilin zaɓen ta, a bi da bayanin waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu, da ranar hira, da harshen da aka yi ta. Daga nan sai a kawo abin da aka samu bisa jerin lokaci. Ya kamata ɗalibi ya yi amfani da kalmomin da Hausa ta tanada don nuna ƙarfin magana: “an tabbatar” ga abin da baki da takarda suka haɗu a kansa, “an ce” ko “wai” ga abin da aka ji daga mutum ɗaya, “ana jin” ga hasashe. Inda gidaje biyu suka yi saɓani a kan wanda ya riga zama, a kawo maganar kowanne da hujjarsa. Wannan yana da muhimmanci, domin maganar riga zama takan taɓo gadon fili da sarautar unguwa, kuma rubutun yaro yana iya zama abin kafa hujja wata rana. Don haka kada a ambaci sunan mai ba da bayani sai da yardarsa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa tarihin masarautar Gombe ya sami rubutu tun 1920, amma na unguwanninta mafi yawansa yana bakin mutane. Wanda yake ɗan shekara 15 lokacin da jirgin ƙasa ya iso Gombe a yau ya haura 75. Shawarar da za a bayar ita ce malaman Tarihi da na Hausa su haɗa hannu wajen duba irin wannan aiki, kuma kowace makaranta ta ajiye kwafen rahotannin da muryoyin da aka naɗa a ɗakin karatunta. Idan aka yi haka shekara goma a jere, masu nazarin tarihi da masu nazarin harshe za su sami taskar da za su dogara da ita a kan Nasarawo da sauran unguwannin Gombe.