Gidan Badamasi Zango Na Ɗaya, Da Tarihin Tsoho A Akwatin Talabijin

Yau tarihin dariya za mu taɓa. Ina so mu duba yadda wasan kwaikwayon Hausa na talabijin ya riƙa nuna tsoho, tun daga zamanin su Samanja har zuwa zango na ɗaya na Gidan Badamasi, wanda Arewa24 ta fara haskawa a 2019. Daga nan kuma mu dawo gida, Ƙaraye da Rogo, don akwai maganar da ta shafe mu.

An buɗe talabijin a Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kawo wa Kano CTV a farkon shekarun 1980, wadda yau muke kira ARTV. A wajenmu kuwa, kafin akwatin talabijin ya yawaita, majigi da rediyo aka sani. Ku tambayi duk wani dattijo a Yammedi ko Zarewa, zai gaya muku muryar 'yan wasan Kaduna ya fara sani kafin ya ga fuskarsu. Da akwatin ya zo kuma, ai ba kowa ke da shi ba. Gida ɗaya ne unguwa guda za ta taru, yara a gaba kan tabarma, manya a baya.

To su wa ake kallo? Magidanta. Usman Baba Pategi, Banufe ne kuma soja na gaske, shi ne Samanja Mazan Fama. Dariyarsa a baki take, Hausar bariki gauraye da Turancin da ya karye, ga gashin baki, ga cika baki. Ƙasimu Yero yana Karambana, mutumin da ba ya ganin abu ya wuce bai tsoma baki ba. Daga Jos ga Abdullahi Shu'aibu Karkuzu. A Kano ana Kuliya Manta Sabo. Abin da nake so ku lura da shi, duk waɗannan manyan mutane ne ke wa manyan mutane dariya. Rowar mai gida, son girma, tsegumin maƙwabci, rigimar da ba ta kai ta kawo ba. Uba yana zaune yana kallon halinsa a fuskar wani, ya yi dariya ya kawar da kai.

Sai zamanin kaset ya shigo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, kasuwar finafinan bidiyo ta buɗe a Kano, ba a jima ba soyayya da waƙa suka mamaye ta. Nan fa aka tura tsoho gefe. In ka gan shi, ko dai uban da ke auren dole ne, ko boka, ko mai gadi. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙe barkwanci shekara da shekaru, ya rasu a watan Disambar 2014. A shekarar ce kuma Arewa24 ta fara aiki, kuma Daɗin Kowa ya dawo mana da dattawan unguwa irin su Malam Musa da Malam Kabiru da Kamaye.

Yanzu Gidan Badamasi. Falalu Ɗorayi ne ya ba da umarni, Nazir Adam Salih ya rubuta, Magaji Mijinyawa ya hau matsayin Alhaji Badamasi. Tsoho ne attajiri, yana kan keken guragu, marowaci na ƙin ƙarawa, ya yi aure-aure a ƙuruciya ya bar 'ya'ya barkatai. Zangon farko gaba ɗaya a kan haka ya tsaya: 'ya'yan sun taru a gida ɗaya, kowa da halinsa, kowa da dabarar da zai bi ya kai ga dukiyar, tsohon kuma ya fi su wayo. Su Mustapha Naburaska da Nura Ɗandolo da Tijjani Asase sun yi aiki, ban rage musu komai ba. Shirin ya karɓu har sunayen 'yan wasan suka koma laƙabi a majalisun samari.

Ni a ganina muhimmancin wannan zango shi ne ya dawo da tsoho tsakiyar fage bayan kusan shekara 30 yana raɓe. Kuma ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, auri-saki da haihuwar da ba a kula da ita, da 'ya'yan da ba sa tuna uba sai sun ji ƙanshin gado. Wallahi babu garin da ba shi da nasa Badamasin.

Amma ku duba da kyau. Abin da ya riƙe labarin shi ne tsoho da 'ya'yansa da kuɗi. Tsoho da abokinsa fa? Tsohon da ba shi da gadon da za a jira, sai abokan da suka yi kiwo tare, suka yi shaɗi ko dambe tare, suka binne mata da 'ya'ya tare? Wannan har yau ba mu ba shi shirinsa na kansa ba.

Turawan Ingila sun yi. BBC tana da shiri mai suna Last of the Summer Wine, daga 1973 zuwa 2010, zango 31, kashi 295, kuma mutum ɗaya ne, Roy Clarke, ya rubuta su duka. Labarin fa ba wani abu ba ne, tsofaffi uku ne da ba su da aikin yi, suna yawo a tuddan wani ƙaramin gari, Holmfirth, suna musu suna jawo wa kansu abin kunya. Peter Sallis ya fito a kowane kashi daga farko har ƙarshe, wato ya tsufa a gaban masu kallo. Garin da aka ɗauki shirin ya zama wurin yawon buɗe ido. Kuma yau in kana son sanin abin da ya faru a zango na 8 ko na 20, yana nan a ajiye, kashi-kashi.

Mu kuwa kayan aikin suna zube a ƙofar gida. Ka je kowace majalisar dattawa a Ƙaraye bayan la'asar ka zauna gefe. Ga wasan Fulani da Barebari, ga na taubasai, ga na jika da kaka. A Rogo, da yake iyaka muke da Kaduna da Katsina, tsokanar Bakano da Bazazzagi ba ta ƙarewa ranar kasuwa. Kuma mutanen nan sun ga tarihi da idonsu. Sun ga an gama Dam ɗin Challawa a 1992, ruwa ya ci gonaki da tsofaffin matsugunai, manomi ya koyi su da noman rani da girmansa. Sun ga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a 2024, aka sake dawo da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomi biyu, Ƙaraye da Rogo. Ka saurari yadda tsofaffi uku za su yi musu a kan wannan kaɗai, kowa na rantsuwa shi ya fara hango ta, ka gaya mini ba zango guda ba ne.

Sai dai lokaci ba ya jiranmu, kuma mun ga yadda ta kaya da 'yan wasan farko. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Samanja ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023. Karkuzu ya rasa ganinsa, ya fito yana neman taimako, har Ahmed Musa ɗan ƙwallo ya saya masa gida, ya rasu a 2025. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ka shiga YouTube neman ayyukansu, guntaye za ka tarar, hoto ya dushe, sauti na shaƙewa, ba shekara ba lambar kashi. Gidan Badamasi ya yi sa'a ya zo a zamanin intanet, na baya ba su samu wannan ba.

Saboda haka ga roƙona ga 'yan Ƙaraye da Rogo da ke bibiyarmu. In akwai tsohon kaset na bidiyo a adakar gidanku mai ɗauke da Samanja ko Karambana ko Kuliya, kar a bar wa gara da zafi, a nemi mai juya shi zuwa kwamfuta. In kuma kakanka na da majalisa, ka nemi izininsu tukuna, kar ka ɗauki mutane a ɓoye, sannan ka ajiye waya ka bar su su yi hirarsu. Ka rubuta ranar da sunan garin. Wanda ya tuna gidan da aka fara kallon talabijin a unguwarsu, da shirin da ake kallo, ya rubuto mana a ƙasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.